Ruwa ya janye, amma wayar wutar gidanka ba ta bushe ba

A garuruwan da ke bin Kogin Haɗeja da rassansa, tun daga Wudil, Warawa da Ajingi a Kano, zuwa Ringim, Taura, Miga, Auyo, Kafin Hausa, Haɗeja har can Guri da Kiri Kasamma a Jigawa, ba a koya wa kowa abin da Agusta da Satumba ke zuwa da shi. Marka ta kankama, madatsun Tiga da Challawa sun cika, kacala ta toshe hanyoyin ruwa a can ƙasa, sai kogi ya bar gadonsa ya ratsa gonakin shinkafa ya shigo gari. Wanda ya ga ambaliyar 2022 ya san inda ruwa ya tsaya a jikin bangonsa, wani ma har yau shatin na nan.

In an zo lissafin asara, rumbu ake ƙirgawa, da katanga, da awaki, da buhunan taki. Wayar wuta ba ta shiga lissafi, don ita ba ta rushe ba. Tana nan maƙale a bango yadda aka bar ta, soket na nan, mita na nan. Kallon kitse ake yi wa rogo. A harkar wuta, ranar da ruwa ya shigo ba ta kai ranar da ya janye haɗari ba, lokacin da kowa ya dawo gida yana kwashe laka, jiki a jiƙe, ƙafa ba takalmi, sai kawai yara su yi ihu an kawo wuta.

Kalmar da ta fi cutar da mutanen karkara a wannan fage ita ce "ai babu wuta." A ƙauye akan yi kwana uku, wani lokaci mako biyu, NEPA ba ta leƙo ba, har mutane su fara ɗaukar waya kamar igiyar shanya. To mai kunna layi yana can nesa a tasharsa, bai san tsakar gidanka ruwa ne zuwa gwiwa ba, kuma ba ya aiko ɗan aike kafin ya kunna. Ban da haka, yanzu gida ɗaya kan sami wuta ta hanya uku: layin kamfanin rarraba wuta na KEDCO, janareta, da sola. Ɗaya ta mutu ba ya nufin sauran sun mutu. Janaretan maƙwabci ma, idan an jona shi ba bisa ƙa'ida ba, yana iya turo wuta cikin wayarka ta kan falwaya.

Ga lissafin da ya kamata kowane maigida ya riƙe. Wutar da ke shigowa gida bolt 230 ce. Busasshiyar fata, musamman tafin hannun manomi mai kanta, tana tare wuta sosai, shi ya sa da rani mutum kan taɓa waya ta fizge shi, ya yi tsaki ya wuce. Jiƙaƙƙen jiki da ƙafa cikin ruwa kuwa, ƙarfin tare wutarsa, wanda ake aunawa da om, kan sauko zuwa om 1,000 ko kusa da haka. In aka raba bolt 230 da om 1,000, ke nan miliam 230 na wuta ne za su ratsa jiki, kusan abin da tsohon ƙwan fitila mai wat 60 ke ja. Alhali miliam 10 zuwa 15 sun isa su ƙanƙame tsokar hannu mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe, daga 50 zuwa sama kuma zuciya na iya rikicewa ta daina harba jini. Fis ɗin da ke cikin filogi am 13 ne, wato miliam 13,000. Birekar soket 20 ce ko 32. Mutum zai mutu a jikin waya ba tare da ko ɗayansu ya motsa ba, don an yi su ne su hana waya ƙonewa, ba su san da zaman mutum ba.

Ruwan ambaliya kuma ba ruwan randa ba ne. Yana ɗauke da laka, da takin zamani da ya wanko daga gonaki, da kashin dabbobi, da ruwan shaddar da ta cika ta tumbatsa. Gishirin da ke cikin waɗannan ne ke sa wuta ta bi ruwan cikin sauƙi, shi ne kuma ke zama a cikin soket bayan ruwa ya tafi.

Kafin ruwa ya iso ƙofa

Kowane babba a gidan ya san inda ake kashe wuta. Ba maigida kaɗai ba, don ruwa kan shigo ne yana gona ko yana bakin jinga ana ɗaura buhunan yashi. Uwargida ta sani, babban ɗa ya sani. A yawancin gidajen karkara allon wuta yana zaure ko jikin bangon waje: mita, kat-awut mai fis, cenjoba idan akwai janareta, wani gidan da akwatin bireka. A kai su gaban allon da rana tsaka a nuna musu da hannu.

Da an ga ruwa ya fara kwanciya a lungu, a fara zare filogin komai. Sannan a sauke babbar bireka, a mayar da hannun cenjoba tsakiya inda ba ya kan NEPA ba ya kan janareta. Sai daga ƙarshe a zare fis ɗin kat-awut. Wannan jeri yana da dalili: in ka zare fis alhali firiza da fanka na jan wuta, tartsatsi zai tashi a fuskarka. Mai yin aikin ya tsaya a busasshen wuri, kan benci ko katako, da takalmin roba, hannu a bushe, ya yi aiki da hannu ɗaya, ɗayan kada ya dafa bango ko ƙofar ƙarfe. Idan dare ne, wani ya riƙe masa tocila.

Idan kuwa ruwa ya riga ya kwanta a ƙarƙashin allon, an makara. A bar shi. Babu firjin da ya kai a shiga ruwa a kama ƙarfen cenjoba saboda shi.

Akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. Ko ka zare fis, wayar da ta sauko daga falwaya zuwa kat-awut tana nan da ranta. Gidan ne ka raba da ita, ita ba ka kashe ta ba. Idan ana tsoron ruwa zai kai tsayin allon, ko bangon da allon ke jiki na laka ne ya fara jiƙa, sai an cire daga kan falwaya, ko a sauke fis a taransfoma, wannan kuma aikin ma'aikatan KEDCO ne. Gara mai unguwa ko dagaci ya kira su da sunan gari gaba ɗaya tun ruwa na bayan gari. Kada a tura wani yaro mai ƙarfin hali ya hau falwaya cikin damina.

Bangon laka yana da tasa matsalar. Yana shan ruwa daga gindi, ya yi nauyi, ya zauna. In ya faɗi yakan fizgo wayar da ke jikinsa, ta faɗo tsakar gida ko ta kwanta kan kwanon ɗaki. Ko bai faɗi ba, dubi inda wayar NEPA ta ratsa bakin kwano ta shiga gida. Iska na kaɗa ta shekara da shekaru, kaifin kwano na cin robar a hankali, har jan ƙarfe ya bayyana. Da rani ba wanda zai lura. Ranar da aka yi ruwa, rufin gaba ɗaya ya ɗauki wuta, indararo ya ɗauka, wayar shanyar da aka ɗaure a jikin ƙusar rufin ta ɗauka, matar da ta fito kwashe wanki ita ce za ta fara sani. Gyaransa guntun fayif na roba ne da ake zura wayar a ciki daidai wurin da ta taɓa kwano. Igiyar shanya kuma a yi ta da roba.

Haka wayoyin da ake ja daga gida zuwa gida a kan sanduna, an haɗa guntu da guntu an naɗe mahaɗar da leda. Kowace mahaɗa ƙofa ce. A kwance irin wannan waya tun daga tushenta kafin ruwa ya zo.

Kaya kuma a ɗaga. Talabijin, sitabilaiza, caja, dutsen guga, duk su hau sama. Firiza da janareta a ɗora kan bulo ko tebur mai ƙarfi. Wanda ya fi kowa mantuwa shi ne ekstenshan ɗin da ke kwance a ƙasa bayan gado, shi ne kuwa abu na farko da ruwa ke samu.

Masu sola, a nan ku tsaya

Sola ta yawaita a ƙauyuka, wajen masu cajin waya, masu sayar da ƙanƙara, masallatai, da gidajen da suka gaji da jiran NEPA. Mutane na yi mata kallon wuta mai sanyi. Inbata kuwa, na'urar da ke juya wutar batir zuwa ta gida, bolt 230 take fitarwa, daidai da ta falwaya, kuma ita ba ta ɗaukewa. Gari duk ya yi duhu, soket ɗin mai inbata yana da wuta a ƙarƙashin ruwa.

Ana kashe ta ne daga gida zuwa batir: a kashe kayan da ke jan wuta, a kashe inbata, a sauke birekar da ke tsakanin farantan sola da kwantirola mai daidaita cajin batir, sannan a raba batir. Wajen mayarwa a juya jerin, batir ya fara shiga kafin faranti, in ba haka ba kwantirola na iya ƙonewa. Wajen kwance batir a fara da baƙar waya, a cire zobe da agogon ƙarfe, a naɗe jikin sifana da tef. Batir mai bolt 12 ba zai ja ka ba, amma sifana ta haɗa kawunansa biyu za ta yi ja nan take, ta narke a hannunka, batirin ma ya iya fashewa da asid.

Faranti ba shi da makunni. Muddin rana na dukansa, wayoyinsa na da wuta. Babban faranti ɗaya kan ba da bolt 40 ko fiye, in an jera huɗu ko shida a layi ɗaya an haura 150, har 250. Saboda haka wayar da ta sauko daga rufi ba a kama bakinta da hannu ko an kashe komai a ƙasa.

Batir tubula mai am 200 ya kai kilo 60, shi ya sa ake ajiye shi a ƙasa a manta da shi. Aikin mutum biyu ne, a ɗaga shi tun da wuri. Idan ruwan laka ya shiga ta murafunsa, ya gurɓata asid ɗin, ba zai ƙara riƙe caji kamar da ba, kuma ruwan da ke kewaye da shi na iya cin fata. Batirin litiyom ya fi wannan sharri. Wanda ruwa ya shanye yana iya kamawa da wuta da kansa bayan kwanaki, yana zaune ba a taɓa shi ba. A fitar da shi waje, a ajiye kan yashi nesa da danga, kara da rumbu, kada a saka shi caji don a gwada ko yana aiki.

A cikin ruwan

Wayar da ta faɗo ƙasa ko cikin ruwa, a ba ta tazarar mita 10, taku goma sha biyar na babba ke nan don a samu rara. Wuta na bazuwa a ƙasa daga inda wayar ta taɓa, tana raguwa da nisa, saboda haka ƙafarka ta gaba da ta baya na iya kasancewa a ƙarfin wuta daban, sai ta shiga ta ɗaya ta fita ta ɗaya. Wanda ya tsinci kansa kusa, ya haɗe ƙafafunsa ya ja su a ƙasa kaɗan kaɗan har ya yi nisa, kada ya yi dogon taku, kada ya ruga. Wannan ne dalilin da ya sa saniya ke faɗuwa a wurin da makiyayi ya wuce lafiya: tazarar ƙafafunta ta fi tasa. In ka ga akuya ko kare a mace kusa da falwaya ko taransfoma, ko ka ji ƙafarka na tsiko kamar ana caka allura a cikin ruwa, koma ta inda ka fito.

Wayar da ke ɗaure falwaya da ƙasa, wadda yara ke lilo a jikinta, ita ma ba abin dafawa ba ce. Mai ratsa ruwa yana neman abin riƙewa, ita ce ke kusa.

Masu kwalekwale su ma su ji. Ruwa ya tashi mita biyu, tazarar da ke tsakanin kanku da manyan layukan bolt 11,000 da 33,000 ta ragu da mita biyu, ga falwayoyi sun karkata waya ta yi ciki. Jiƙaƙƙiyar gorar tuƙi tana ɗaukar wuta, kuma irin wannan layi ba sai an taɓa shi ba, yana tsallakowa in an matso sosai. A kwantar da gora in za a wuce ƙarƙashinsa, a zauna, kada a tsaya kan lodi.

Idan wuta ta kama mutum, zuciya za ta ce ka rungumo shi. Haka ake rasa mutum biyu, uku a gida ɗaya, uwa ta bi ɗa, maƙwabci ya bi uwa. A fara kashe wutar in da hali. In babu, a tsaya a busasshen wuri a ture shi ko a ture wayar da busasshen abu: taɓarya, kujerar roba, fayif na roba. Icen da ya kwana a ruwa ba busasshe ba ne. In yana cikin ruwa ne kuma wutar na nan, ba a shiga. In babban layi ne, ba sanda ba taɓarya, sai an kashe daga tasha. Bayan an raba shi, a duba numfashi. Idan ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji a danna da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, bayan kowane danni 30 a hura masa iska sau biyu in an iya, a ci gaba har a samu ma'aikacin lafiya. Ba a ɗura wa sumamme madara ko ruwa, huhu za su tafi. Wanda ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau ma a kai shi asibiti, domin ƙunar wuta a ciki take, kuma bugun zuciya kan rikice daga baya.

Bayan ruwa ya janye

Samu sukurdireba ka buɗe soket ɗaya da ruwa ya rufe, bayan ka tabbatar fis na aljihunka, janareta a kashe, inbata a rabe. Fuskarsa a waje fes, an goge ta da tsumma. A ciki za ka tarar da laka ta cika akwatin har rabi, mai laushi kamar kunun kanwa, sukurorin sun fara ja, jan ƙarfen wayar ya soma kore a bakinsa. In ka karkata fayif ɗin da wayar ta biyo, ruwa zai ɗigo. Wannan bayan mako guda da rana ke nan. Fayif ɗin da aka binne a bango ko ƙarƙashin daɓe yana riƙe ruwa a lanƙwasarsa har tsawon makonni, bangon laka kuma ya fi haka daɗewa yana fitar da danshi.

Ɓarnar iri biyu ce. Lakar da ta bushe tana barin gishiri tsakanin layif (wayar da ke kawo wuta) da nutural (wadda ke mayar da ita), ko tsakanin layif da bango. Da safe in raɓa ta sauka ko aka sake yin ruwa, gishirin ya jiƙa, wuta ta fara tsiyaya. Alamarta ita ce bango na tsiko, ƙofar ƙarfe ko famfo na jan mutum kaɗan kaɗan, kuɗin mita na ƙarewa ba a kunna komai ba. Ta biyu tsatsa ce. Mahaɗar da ta yi tsatsa ba ta barin wuta ta wuce sumul, sai wurin ya riƙa zafi duk lokacin da aka jona hita ko dutsen guga, roba ta narke, wata rana cikin dare silin ko labule ya kama. Gobarar da ake yi da sanyin hunturu a ce ba a san dalili ba, wata tun daga ruwan Satumba aka shuka ta.

Don haka duk abin da ruwa ya shanye cikin waɗannan, canza shi ake yi: soket, makunni, holdar ƙwai, ekstenshan, caja, da bireka. Bireka ce mutane suka fi jayayya a kanta, don ana ɗaga ta tana ɗaguwa, wuta na wucewa. Wucewar wuta ba shi ne aikinta ba, aikinta ta faɗi ranar da waya ta haɗu. A cikinta akwai ƙananan sifirin da ƙarafa masu motsi, laka da tsatsa na riƙe su, ranar da ake buƙatarta sai ta ƙi faɗuwa. Ba a wanke ta, ba a shanya ta. Mita kuwa, musamman ta kati, kada a ɓalle hatiminta, a kai rahoto ofishin KEDCO.

Ita wayar kanta, in mai kyau ce kuma robarta ba ta tsage ba, sau da yawa tana tsira. Mai wayarin zai buɗe duk akwatunan, ya wanke laka da ruwa mai tsabta, ya bar su a buɗe iska na shiga, ya yanke bakin wayar da ya yi kore har sai ya kai jan ƙarfe mai sheƙi. Waya mai silli da yawa tana zuƙar ruwa ta ciki kamar lagwani, wani lokaci sai an yanke taƙi ɗaya ko biyu. Duk mahaɗar da aka naɗe da tef a kwance ta a sake, da kwanekta.

Sannan gwaji. Testa mai ɗan haske ba ta faɗa maka komai a nan, abin da ta sani kawai akwai wuta ko babu. Na'urar da ake buƙata ita ce mega, wadda ke tura bolt 500 cikin wayar da ba ta da wuta ta auna ko robar na tsiyaya. Ana cire ƙwayaye da duk kayan wuta tukuna, a auna tsakanin layif da nutural, da tsakanin kowannensu da wayar ƙasa. Ƙa'ida ita ce kada ya gaza megaom 1. In ya gaza, ko dai danshi bai gama fita ba a ƙara kwanaki, ko layin ya lalace a zare shi. Ba kowane mai gyaran wuta na ƙauye ke da mega ba. A ganina ya fi sauƙi gidaje goma su haɗa kuɗin mota su ɗauko mai ita daga Haɗeja, Ringim ko Wudil ya bi su a yini ɗaya, da kowa ya mayar da fis ya ce Allah ya kiyaye.

Janaretan da ya nutse, kada a ja igiyarsa don a ji ko zai tashi. Ruwa ba ya matsuwa, in yana cikin silinda, kwanrod, ƙarfen da ke tura fistan, na iya lanƙwashewa. A zubar da man tanki da na kafireto, a cire filogin inji da soson iska, sannan a ja igiya sau da yawa ruwan ya fito ta ramin filogi, nesa da wuta ko sigari. Baƙin man da ruwa ya shiga yakan koma fari kamar koko. A zubar, a zuba sabo, matsakaicin janareta na gida kusan lita 0.6 yake ci, a bar shi ya yi aiki minti goma a sake canzawa. Ƙaramin Tiger da ake haɗa wa fetur da baƙin mai ba shi da wannan tukunya, amma ruwa kan kwanta a ƙasan injinsa, sai an juya shi an tsiyaye. Ɓangaren inji yana son gaggawa, kwana ɗaya ko biyu, kafin tsatsa ta kama. Ɓangaren kwayil kuwa haƙuri yake so: a buɗe murfin baya, a wanke laka, a shanya kwanaki a rana, a auna kafin a tayar. Jiƙaƙƙen kwayil yana ƙonewa, ko ya sa jikin janaretan ya riƙa jan mutum.

Kuma saboda tsakar gida ta jiƙe, kada a shigar da janareta ɗaki ko zaure. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari, tana kashe mutane cikin barci. A yi masa rumfa a waje, kan bulo, kamar mita 6 daga ƙofa da taga. Wanda ba shi da cenjoba, ya ja waya daga janareta kai tsaye zuwa abin da zai kunna. Cusa wayar janareta cikin soket na bango yana mayar da wuta kan layi, taransfoma ta ɗaga ta zuwa dubbai, ta sami ma'aikacin da ke can yana ɗaura wayar da ruwa ya tsinka.

Firji da firiza, tukunyar kwamfiresa a rufe take ruf, ruwa ba ya shiga. Abin da ke lalacewa su ne rile, obalod da kafasita da ke maƙale a gefenta, da tamostat. Masu arha ne, mai gyara ya canza su. Sumo na rijiyar burtsatse a ruwa yake rayuwa, shi ba ruwansa, amma akwatin kunna shi da mahaɗar wayarsa a bakin rijiya su ne abin dubawa. Talabijin da rediyo a kai wa mai gyara ya buɗe ya wanke ya busar kafin su ga wuta, yawanci jonawar farko ce ke kashe su ba ruwan ba.

Tunda an riga an buɗe bango, a gyara abin da ya sa aka shiga wannan hali. Soket da aka saba sawa taƙi biyu daga ƙasa a ɗaga shi zuwa mita 1.2, ko sama da shatin da ruwa ya bari in ya fi haka. Waya ta riƙa saukowa daga sama zuwa soket, kada ta bi ƙasa. Layin fitila waya mai milimita 1.5, na soket 2.5, ta jan ƙarfe ta gaske, ba wadda aka shafa wa ja a kan alminiyom ba. A kankare bakinta da wuƙa a kasuwa, in fari ya bayyana a ajiye musu kayarsu. A kafa sandar at ta jan ƙarfe, wato wadda ake dasawa a ƙasa a jona mata wayar ƙasa, aƙalla ƙafa 4, a ɗaure wayarta da kilam, don gidaje da yawa na karkara waya biyu kawai aka ja musu, ramin soket na uku ado ne. Sannan a sa ELCB mai miliam 30 a gaban dukkan layukan. Ita kaɗai ce a allon nan aka yi domin mutum: tana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo, da ta ga giɓi ta faɗi kafin ƙiftawar ido. A duba lambar da ke jikinta, akwai masu 100 da 300, waɗannan don gobara ne ba don jiki ba. Tana da maɓallin gwaji, a danna shi duk wata in akwai wuta. In ta riƙa faɗuwa bayan ambaliya, tsiyaya ta gani, a nemo layin. Mai gyaran da ya ce bari ya tsallake ta don ta daina damun ku, a sallame shi.

Ranar da za a mayar da wuta, duk bireka na ƙasa, duk filogi a zare. A mayar da fis, mai wayarin ya auna abin da ya shigo kafin komai. Ambaliya kan karkatar da falwaya ta tsinke nutural na layin unguwa, in haka ta faru wani gida zai samu wutar da ba ta kai 150 ba, wani kuma ta haura 300 ta doshi 400, ta ƙone duk abin da ta tarar. Idan awo ya nuna kusa da 230, a ɗaga layin fitila shi kaɗai, a jira minti goma ana zagayawa ana shinshina ƙaurin roba, ana sauraren ƙarar tsartsatsi. Sai layin soket na ɗaki ɗaya, a jona fanka, bayan rabin sa'a a taɓa fuskar soket da bayan hannu a ji ko ta yi ɗumi. Sannan ɗaki na gaba. Firiza ce ƙarshe.